"Mama, kullum ni ce"

Jiya bayan la'asar na dawo daga kasuwar Kejetia ta Kumasi a gajiye, na riƙo wa yarana biyu askirim ɗin leda na FanIce guda ɗaya tal don canjin da ya rage min kenan bayan kuɗin trotro, wato motar haya, ai ko jaka ban ajiye ba faɗa ya kaure. Babbar shekararta 7, ƙaramin 4. Shi ya cafke leda yana ihu ita tana ja, ni kuma bakina ya riga ni, "ke ce babba, bar masa."

Ta sakar masa. Ko kuka ba ta yi ba, ta dai koma bakin ƙofa ta zauna ta ce "Mama, kullum ni ce." Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai har dare.

Mu ma haka aka rene mu a unguwar Aboabo, an ce babba juji ne, to amma yarinya 'yar shekara 7 yaushe ta zama juji? Sai hadisin Nu'umanu bin Bashir ya faɗo min, wanda babansa ya yi masa kyauta shi kaɗai ya je neman Annabi (SAW) ya shaida, Annabi ya tambaye shi ko duk 'ya'yansa ya ba irinta, ya ce a'a, sai ya ce ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku. Tun muna makaranta na san shi amma ban taɓa kawo shi kan abin ciye-ciyen yara ba.

Yau da safe koko da ƙosai, ƙosai guda 5, kowa biyu saura ɗaya. Na ce Yaya ta raba, shi ya fara zaɓa. Zo ka ga yadda ta tsaya tana auna shi da ido kafin ta gutsura, don ta san in ɓari ɗaya ya fi girma shi zai ɗauke. Waya ma yanzu minti 10 kowa, ƙararrawa ta buga a miƙa.

Amma 'yar tsanar da aka saya mata da sallah tata ce, ba zan tilasta mata ba, in yana so ya roƙa. Da ta hana shi ɗazu ya hau birgima a tsakar gida har kakarsu ta leƙo tana cewa haba a ba shi mana ai yaro ne, na ce Hajiya ki yi haƙuri, wannan kam kayanta ne. Na ɗauke shi na goya har ya yi shiru.