Tarihin Rayuwar Gustav Klimt, Kashi na 4: Rigimarsa da Malaman Jami'a

Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya a 1892, shekarar da Klimt, mai zanen nan ɗan ƙasar Ostiriya, ya binne mahaifinsa maƙerin zinariya, ya kuma binne ƙaninsa Ernst, nauyin gida biyu ya hau wuyansa.

A 1894 ma'aikatar ilimi ta ƙasar Ostiriya ta ba shi aiki shi da abokin sana'arsa Franz Matsch, su ƙawata rufin babban zauren Jami'ar Vienna. Zane uku suka faɗo hannun Klimt: Falsafa, Likitanci da Shari'a. Abin da masu aikin ke so ba ɓoyayye ba ne, su ga hasken ilimi yana korar duhu. Amma mutumin da aka ba aikin ya ga mutuwa a cikin gidansa, hannunsa ya riga ya canja.

Da aka baje Falsafa a 1900, sai aka ga mutane tsirara, jariri da matashi da tsoho, a cuɗe suna shawagi cikin hazo, babu mai riƙe da linzaminsu. Malaman jami'a 87 suka sa hannu a takardar ƙorafi. A shekarar nan kuma zanen ya ci lambar zinariya a bajekolin duniya na Paris. Likitanci ya fito a 1901, ya ƙara wa wutar mai, domin ga kwarangwal na mutuwa tsaye a tsakiyar marasa lafiya, likita ko ɗaya babu. Magana ta kai har majalisar dokoki, aka ce batsa ce.

Ni kam ina ganin uzurin wanda tsiraicin ya dama, ko a wurinmu ba za a rataya irinsa a makaranta ba. Amma ba shi kaɗai ya ƙona ran malaman ba. Klimt ya faɗa musu a gidansu cewa iliminsu bai hana mutuwa ba, wannan ne suka kasa haɗiyewa.

A 1905 ya ajiye aikin, ya mayar wa gwamnati kuɗin kafin alƙalami, krone 30,000 a kuɗin ƙasar na lokacin. Attajiri August Lederer ne ya taimaka masa, ya karɓi Falsafa. Daga nan Klimt bai sake karɓar aikin gwamnati ba har rasuwarsa a 1918.

Zanukan uku ba su taɓa hawa rufin da aka yi su dominsa ba. 'Yan Nazi sun ƙwace dukiyar iyalan Lederer, waɗanda Yahudawa ne, aka kai zanukan fadar Immendorf da ke Ostiriya, a Mayun 1945 gobara ta cinye su. Yawanci hotunan baƙi da fari ne suka rage mana.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma baya kaɗan zuwa 1903, mu bi shi garin Ravenna na Italiya, inda ya ga bangon coci lulluɓe da zinariya.