Wasiƙa daga kan duwatsun Kolorado: aikin tukunyar ɗumama gini cikin dusar ƙanƙara

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, manya da yara. Da fatan kowa yana lafiya, ya iyali ya aiki, Allah ya sa haka amin.

Tun da na faɗa wa wasu daga cikinku cewa aikina a nan Amurka shi ne haɗa tukunyar ɗumama manyan gine-gine, tambayar da ake ta yi min ita ce wai wace irin tukunya ce wannan da har mutum zai bar gari ya hau dutse saboda ita. To yau na samu sarari, dusar ƙanƙara ta rufe hanya ba fita, na ce bari in zauna in yi muku bayani yadda ya kamata, musamman ƙannena masu aikin famfo da walda da ke son su san inda sana'ar nan take kaiwa.

A taƙaice ga yadda abin yake. Ana kafa boila babba, wato tukunyar da nake faɗa, a wani ɗaki a ƙasan gini, tana ƙona gas ta ɗumama ruwa, injin turo ruwa ya zagaya da ruwan nan cikin bututu zuwa kowane ɗaki da kowane bene, ruwan ya bar zafinsa a can ya dawo a sake ɗumama shi. Ruwa ɗaya ne yake ta zagaye a rufe, kamar na lagireton mota. Wannan ɓangaren ba wuya, duk mai hankali zai gane shi a kwana ɗaya. Abin da ya ɗauke ni shekaru kafin in gane shi ne cewa a kan dutse iskar da ba ka gani ita ke yanke hukuncin komai, kuma wanda bai auna ta ba aikinsa zai ba shi kunya ranar da aka fi bukatarsa.

Birnin Denba kansa, babban birnin jihar Kolorado, yana bisa tsayin ƙafa 5,280 daga teku, mu kuma da muke aiki a otal-otal na masu wasan zamiya a kan ƙanƙara muna hawa har ƙafa 9,000 ko sama, akwai ma garin Ledbil da ya haura ƙafa 10,000. A tsayin mita 3,000, wato kusan ƙafa 10,000, nauyin iska kusan kashi 70 ne cikin 100 na abin da ake samu a bakin teku. Kai kanka za ka ji a jikinka, ka hau matakala goma ka tsaya kana haki kamar ka yi gudu, kai ya riƙa ciwo a kwanakin farko. To yadda huhunka ke neman iska haka wutar boila ma take nema, ita ma numfashi take yi. Ƙa'idar aikin gas ta ƙasar nan ta ce in wuri ya wuce ƙafa 2,000 sai a rage ƙarfin na'ura da kashi 4 cikin 100 a kan kowace ƙafa 1,000, ka lissafa da kanka, a ƙafa 9,000 kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da aka rubuta a jikin tukunyar ya tafi. Sababbin nan masu fanka da ke tura iska cikin wutar ba sa yin asara haka da yawa, amma su ma sai ka buɗe littafin kamfanin da ya ƙera su ka ga adadin da ya bayar, ba a yin aikin nan da ka.

Wallahi na ga abin da rashin wannan lissafi ke jawowa. An taɓa kiran mu wani gini da wasu suka riga mu yin aiki, sun sayo tukunya daidai da lambar da ke jikinta kamar a bakin teku za a kafa ta, lokacin kaka komai lafiya lau kowa na yabo, da sanyi ya kankama a watan Janairu sai benayen sama suka ƙi ɗumi, tukunyar tana ci dare da rana ba hutu amma ta kasa, cikinta kuma ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya saboda gas ya fi iska yawa. Mai ginin ya biya kuɗi sau biyu a kan aiki ɗaya, abin ya yi min ciwo ƙwarai don kuskure ne da biro da takarda za su hana shi. Shi ya sa duk tukunyar da muka tayar sai mun soka na'urar auna hayaƙi a bututu, mu daidaita gas da iska a babbar wuta da ƙaramar wuta, mu rubuta lambobin mu ajiye. Kallon launin wuta da ido ba ya isa.

Kai kayan wurin ma aiki ne mai zaman kansa. Babbar hanyar da ke ratsa duwatsun, I-70, tana bi ta ramin Aizinhawa da aka buɗe a 1973 a tsayin sama da ƙafa 11,000, kuma doka ce manyan motoci su riƙe sarƙar taya daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Mayu. Wani lokaci tirela ta iso, injin ɗaga kaya na jira, sai iska ta taso a ce yau ba ɗagawa, a rufe komai da tamfol a koma. Sai haƙuri.

Sai maganar daskarewa. Ruwa in ya zama ƙanƙara yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ba bututun tagulla ko na ƙarfe da zai jure wannan, tsagewa zai yi, kuma ba za ka sani ba sai ya narke ruwa ya cika gini. Saboda haka duk layin da zai bi ta waje ko ta wuri mai sanyi muna gauraya ruwansa da wani sinadari da ake kira gilaikol, irin wanda ba shi da guba muke sawa ba na mota ba, daga kashi 30 zuwa 50 gwargwadon sanyin wurin. Amma fa kowane magani da nasa sharaɗin. Ruwan da aka gauraya ya fi kauri, ba ya ɗaukar zafi kamar tsurar ruwa, kuma ya fi kumbura in ya ɗumama, ke nan injin turo ruwa sai ya fi girma, tankin da ke karɓar kumburin ruwa shi ma sai ya fi girma. Da yawa suna tuna zuba sinadarin su manta da waɗannan biyun, sai ka ga bawul ɗin kariya yana ta zubar da ruwa kullum ana mamaki. Kuma ba a haɗa irin wannan layi kai tsaye da ruwan famfo ya riƙa cika shi da kansa, don in akwai ɗan yoyo a wani wuri, a hankali tsurar ruwa za ta maye gurbin sinadarin ba wanda ya sani, sai daren da sanyi ya kai digiri 25 ƙasa da sifili asiri ya tonu. Hatta gwajin bututu da ruwa kafin a rufe bango muna taka tsantsan, in ginin bai samu ɗumi ba tukuna ba ma barin ruwa ya kwana a ciki.

Abin da ya fi burge ni a aikin nan shi ne narkar da ƙanƙara a ƙasa. Kafin a zuba kankare a ƙofar otal ko gangaren shiga gareji sai mu shimfiɗa tiyon roba mai jure zafi, layi-layi, a zuba siminti a kai, in dusar ta fara sauka na'ura ta ji danshi da sanyi ta kunna kanta, ka fito da safe ko'ina fari fat amma nan wurin a bushe. A garin Bel har titunan tsakiyar gari haka aka yi musu. Tsoho ba zai zame ya karye ba, motar asibiti za ta shiga ta fita. Yana cin wuta sosai kam, sau da yawa ya fi ɗumama ɗakunan kansu ci in aka kwatanta faɗi da faɗi, kuma sai an ɗumama kankaren a hankali don kar ya tsage. Amma sababbin tukwanen nan suna son wannan aiki, domin in ruwan da ke dawowa bai kai kusan digiri 55 a ma'aunin Salshiyas ba, tururin da ke cikin hayaƙi yana komawa ruwa ya bar zafinsa a ciki, sai ka samu amfanin gas sama da kashi 90. Ruwan da ke ɗigowa daga nan yana da tsami yana cin ƙarfe, sai an bi da shi ta cikin tsakuwar farar ƙasa kafin ya shiga magudana, kuma ɗan siririn bututunsa in ya bi ta waje ya daskare to tukunya gaba ɗaya za ta tsaya, ɗan ƙaramin abu ya kashe babban aiki.

Yanzu ga wanda nake so dan Allah ku riƙe ko da kun manta sauran, bututun hayaƙi. Hayaƙin gas da bai ƙone daidai ba yana ɗauke da wata iska mai guba, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci za ta tafi da shi. A watan Nuwamba na 2008 wani iyali mutum huɗu, uba da uwa da yara biyu, suka rasu a wani gida kusa da garin Asfen saboda bututun hayaƙin boila ya rabu a mahaɗarsa, wannan na cikin abin da ya sa jihar ta yi doka a 2009 kan sanya ƙararrawar gano wannan iska a gidaje. Duk lokacin da nake ɗaure mahaɗar bututu sai yaran nan sun faɗo min a rai, Allah shi ne shaida, ina komawa in sake dubawa ko da na riga na duba.

Littafi ya ce bakin bututun hayaƙi da na shan iska su ɗara inda ake tsammanin dusar za ta kai da aƙalla inci 12. To amma ina ne za ta kai? Wanda ya zana ginin a ofis yana duba matsakaicin adadi, ita kuwa iska tana kwaso dusar daga rufin ta tara ta a lungu ɗaya har ta fi tsayin mutum. Maigidana da ya koya min aikin nan, dattijo ne da ya yi shekaru a kan duwatsun, kafin ya yarda a huda bango sai ya nemi mai share dusar wurin ya tambaye shi, ina take taruwa, ta ina take zubowa daga rufi, kai kuma ina kake tura ta da motarka. Amsar wannan mutumin takan canja mana zane.

Wancan makon muka gama wani aiki, tukwane uku a jere, biyu sun isa ɗaukar ginin a daren da ya fi kowane sanyi, ta ukun tana jira ko ɗaya za ta samu matsala, suna karɓa-karɓa don kar ɗaya ta gaji ta bar sauran. Sifeto ya zo ya gwada bawul ɗin kariya da na'urar da ke kashe wuta in ruwa ya yi ƙasa da maɓallin gaggawa na bakin ƙofa, ya sa hannu. Duk da haka hankalina bai gama kwanciya ba sai na ga yadda dusar yau ta kwanta a bayan ginin, gobe in Allah ya kai mu da an buɗe hanya zan ɗauki shebur da tef ɗin awo in je in gani da idona, in tazarar ta yi kaɗan mu ƙara wa bututun tsawo tun kafin wata ta sake zubowa.

A gaida kowa da kowa, a ci gaba da sa mu a addu'a.

Naku,
ɗan uwanku daga kan duwatsu