Tramol ya shigo gidana ta hanyar neman na kai

Yarona shekararsa 16. Ɗan fari ne, saboda haka ko ba don rufin asiri ba, bakina ba zai kama sunansa ba. Tramol yake sha, ko in ce yana fama ya rabu da shi.

Duk wanda ya ji labarin a Damagaram sai ya ce ƴan pale, gungun matasan unguwa, ne suka lalata shi. An saba, kowane laifi sai a jinginar da shi ga samarin unguwar Kara-Kara masu ɗaga ƙarfe. Nawa a wurin aiki ya koya. Da babban hutun lakwal ya roƙi babansa ya bar shi ya bi masu buga bulo, ya samu na ɗinkin Sallah, mu kuwa har da sa masa albarka. Can ya tarar da magidanta, masu gemu, masu sahun gaba a masallaci, kowa da safe sai ya jefa ƙwaya a kofin Nescafé kafin ya ɗauki shebur. Maganin gajiya suke ce masa. Yaro ya ga rana ta yi tsaka ƙarfinsa ya ƙare, nasu bai ƙare ba, wani ya miƙo masa rabi. Haka ƴan kabu-kabu da yawa suke yi, haka masu noman damina.

Tuwo ne ya fara tona masa asiri. Yaron da a da sai na ɓoye na ƙannensa, sai ga kwanonsa yana kwana a rufe. Ya rame, ga yawan susar hanci da wuya, ga faɗa kan abin da bai kai ya kawo ba. Ranar wanki na zaro daga aljihun wandonsa wata ƴar takardar magani mai ƙyalli, an ɓare ta tas, an rubuta 225 a bayanta. Ban gama juya maganar a raina ba ya faɗi a tsakar gida, jiki ya kakkafe, ido ya juye, kumfa a baki. Hajiya, kakarsa, ta ce iska ce, a kawo turare da habbatus sauda. Mun yi masa tofi, amma a daren muka kai shi likita.

Lokotoron bai yi masa tsawa ba. Ya jawo kujera ya ce, "Samari, guda nawa kake sha a yini? Faɗa mini gaskiya, ni ba ɗan sanda ba ne." Daga bakinsa na san cewa tramadol maganin ciwo ne na gaske, dangin su kodin. Na farmasi miligiram 50 ne ko 100, kuma ko babban mutum ba a yarda ya wuce 400 a yini ba. Na kan tebur kuwa 225 ne, wani 250, yawanci daga Indiya ake yo shi, ya sauka a tashoshin ruwa irin su Kwatano da Lome, ya biyo hanya ya iso mana. Ƙwaya biyu sun riga sun zarce ƙa'ida. Yawansa ne ke kawo faɗuwa irin ta farfaɗiya, in kuma aka haɗa shi da D5, ƙwayar sa barci, ko ruwan kodin, numfashi na iya tsayawa cikin barci.

Rigimar ta gaske a gida aka yi ta. Yayana ya ce a kai shi gidan mari, ya san wani malami. Maigida ya ce ko dai ya miƙa shi kwamisariya ya ɗanɗana kaso, ko ya tattara ya bar masa gida, don ba zai zauna da mai zubar masa da mutunci ba. Ni kuwa ban manta abin da muka ji a rediyo a 2019 ba, lokacin da aka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna aka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, sannan aka buɗe wani a Daura, nan kusa da mu. Na bari dare ya yi, na sami maigida shi kaɗai. Na ce, "Malam, in ka kore shi ina za shi? Mai sayar masa shi ne zai ba shi wurin kwana." Bai amsa ba. Da safe dai ya ce in shirya, tare za mu koma wurin lokotoro.

Abin da masu mari ba su sani ba, jiki ne ya saba. In an yanke rana ɗaya ciwo ne sosai, shi ya sa lokotoro ya tsara a riƙa ragewa kaɗan kaɗan, da na farmasi. Maganin yana cikin adakata, makulli a bakin zanena, ni nake ba shi da hannuna in tsaya ya haɗiye. Duk da haka mun ga dare. Cikin hunturu, kowa na neman bargo, shi zufa ta jiƙa tabarma. Hamma ba iyaka, hawaye, majina, gudawa. Ƙafafunsa ba su zama wuri guda, ya miƙe, ya naɗe, ya tashi ya zaga tsakar gida. Yana cewa, "Inna, ƙashina ake sara." Ina murza masa ƙwauri da man zafi, ina ba shi kunun tsamiya cokali cokali. Babansa, wanda ya ce zai kore shi, shi ne ya shimfiɗa buzu a bakin ƙofa yana karatu har kiran assalatu. Rubutun da Hajiya ke kawowa ma yana sha, ba mu ga inda ya yi faɗa da maganin likita ba.

Ya koma sha. Wajen bikin wani abokinsa ne, kuma da kansa ya faɗa mini, abin da ya fi mini komai. Lokotoro ya ce komawa ba baƙon abu ba ne a wannan ciwo, sai dai ya ja masa kunne: jikin da ya fara sakewa ba ya ɗaukar adadin da ya saba a da, nan mutane suke halaka.

Yanzu ba na ba shi kuɗi a hannu, ko dala. Abin da yake buƙata ni ko babansa muke biya. Jarrabawar BEPC ta wuce shi bana, zai maimaita aji. Da la'asar yana shagon ƙanen babansa, tela ne wajen Kasuwar Dole, yana sa maɓalli da guga. Fada kuwa, majalisar shayin samari, ban hana shi ba, don saurayin da ba shi da abokai wani ciwon ne. Na ce su dawo da ita ƙofar gidanmu, sukari da gawayi a wuyana. Maƙwabta na ta gunaguni wai na tara ƴan shaye-shaye. Su yi ta yi. Daga zaure ina jin muryar kowa, na kuma san uwar kowa.

Muna gani a talabijin hukumar OCRTIS mai yaƙi da fataucin ƙwaya ta kama kwalaye, ana cinna musu wuta, amma mai teburin magani na bakin hanyarmu bai matsa ko'ina ba, kuma kowa ya san abin da ke ƙarƙashin farasitamol ɗinsa. Ƙanen yaron, ɗan shekara 12, ya fara cewa shi ma hutun bana bulo zai je. Babansa ya riga ya yi magana da telan, an ce akwai wurin mutum biyu.