Abin da aapa ta Yaki ta koya mini a ajin nazarin kiɗa

A shekarar da muka ɗauki darasin kaɗe-kaɗen al'ummu, aka ba ni aiki a kan mutanen Yaki, masu kiran kansu Yoeme, da ke zaune a garuruwa takwas na bakin kogin Yaki a jihar Sonora ta ƙasar Meziko. Na zauna na raba kayan kiɗansu gida biyu: na gado da na aro. Ganga, sarewa da ƙwarya na sa su a gado. Aapa kuwa, wato babban molon katako mai tsirkiya da yawa da ake jingina wa kafaɗa a kaɗa da hannu biyu, na jefa ta cikin aro tare da gogen Turawa, na ba ta layi uku na wuce.

Hujjata ba ƙarya ba ce. Limaman Katolika na ɗariƙar Jesuwit sun shiga ƙasar Yaki a 1617, ta hannunsu waɗannan kaya suka iso, kuma sunan aapa kansa daga kalmar Sifaniyanci ya fito. Malaminmu bai musa ba. Cewa kawai ya yi in je in kalli pahko, bikin addinin Yaki da ake kwana ana yi, wanda aka ɗauka a bidiyo, in lura da inda pahkola, wato ɗan rawar bikin mai sa fuskar katako, yake ajiye fuskar tasa.

Sai da na kalla sau da yawa kafin na gani. Idan aapa da goge ne ke tashi, fuskar tana gefen kansa, hannuwansa a sake, aikin duk na ƙafa ne. Ƙafafun an naɗe su da kwanson tsutsar wani malam-buɗe-littafi da aka zuba wa tsakuwa, suna caccaka suna amsa wa ƙananan sautukan aapa kamar masu hira. Da mai ganga da sarewa ya karɓa, sai ya jawo fuskar ya rufe tasa, ya ɗauko abin kaɗawa na hannu. Ɗan rawar barewa kuwa ba ya bin aapa sam. Nasa mawaƙan daban ne, da sandunan gogawa da ƙwaryar da aka kife cikin ruwa, wadda ta tuna mini da kiɗan ƙwaryar matanmu. Kowane sauti da muhallinsa da lokacinsa, a daren da ake kwana ana yi har gari ya waye. Cire aapa, rabin rawar pahkola ta rushe.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne tarihin. An kori limaman Jesuit a 1767, aapa ba ta bi su ba. A zamanin shugaban Meziko Porfirio Diaz aka kwashi Yaki da yawa zuwa aikin dole a gonakin yankin Yukatan na Meziko, wasu suka tsere Arizona a Amurka, inda gwamnati ta amince da su a matsayin al'umma a 1978. Duk wannan wahala ba ta raba su da aapa ba, har yau ana kaɗa ta a ƙarƙashin rumfar biki kusa da birnin Tucson na Arizona.

Na koma na yage jadawalin nan mai gida biyu. Sabon da na zana na bi dare ne daga magariba zuwa asuba: wa ke kaɗawa, wa ke rawa, fuskar katako tana ina. Aapa ta cinye shafi huɗu.