Wasiƙa daga Finland: yadda ake shiga sauna da ramin ƙanƙara

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya hunturu? Mu ma a nan sanyi muke sha, sai dai namu ya daskarar da tafkuna har ana tafiya a kansu da ƙafa. Tun da hotunan Turawa masu shiga ruwan ƙanƙara suka fara yawo a wayoyi, ɗalibai da ma'aikatan da ke shirin zuwa suke ta tambayarmu: wannan ba hauka ba ne? In an gayyace ni, yaya zan yi? Gayyatar kuwa tana nan tafe. Mutanen Finland ba su kai miliyan 6 ba, amma ɗakunan saunarsu sun kai wajen miliyan 3, kuma a 2020 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wannan al'ada cikin jerin al'adun gado na duniya. Abokin aikin da ya ce ku je sauna, karrama ka ya yi.

Sauna ɗakin katako ne mai benci hawa-hawa. A kusurwa akwai murhu da suke kira kiuas, an jibga duwatsu a kansa, zafin ɗakin kuma yakan tsaya tsakanin digiri 70 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyos. Ana ɗebo ruwa da ludayi a watsa wa duwatsun, tururin da ya tashi shi ne löyly. Wanda ya taɓa yin sirace ya san rabin abin, illa dai a nan duk jiki ake turarawa, kuma ba a lulluɓa da bargo.

Mu fara da abin da ya fi damun Bahaushe, wato tsiraici. Gaskiya ne, a saunar da aka raba maza da mata, kamar Kotiharju da ke unguwar Kallio a Helsinki tun 1928, mutane tsirara suke zama, kuma ba wanda ke kallon wani. Amma ba dole ba ne. Ka ɗaura tawul daga cibiya zuwa gwiwa, ba mai ce maka uffan. A wuraren da maza da mata ke haɗuwa, irin su Löyly a Helsinki da Rauhaniemi a Tampere, kayan ninkaya wajibi ne. A wuraren ninkaya na cikin gini kuwa akasin haka ne: galibi an hana shiga sauna da kayan da aka yi iyo da su, saboda kulorin, sinadarin tsaftace ruwan iyo, da ya jiƙa su yana tashi da zafi ya dami numfashin mutane. A can tawul ne mafita. Wanda duk wannan bai kwanta masa ba, akwai hanyar da ta fi sauƙi: yawancin gidajen haya na bene suna da sauna a ƙasa, kuma kowane gida na iya karɓar awa ɗaya a mako, abin da suke kira saunavuoro. Kai da iyalinka kaɗai, ku kulle ƙofa. A ganinmu nan ya kamata baƙo ya fara koyo.

Kafin shiga, wanka da sabulu a shawa, ba tsallakewa. A cire sarƙa, zobe, agogo da tabarau, don ƙarfe yana ɗaukar zafi ya ƙona fata. Waya ta zauna a akwatin ajiya; ɗaukar hoto a ciki babban laifi ne. Kada a shafa mai ko turare, sai an gama. A riƙe ɗan tawul ko takardar zama da suke kira pefletti a shimfiɗa a benci. Ka shiga ka ja ƙofa nan take, domin barin ta a buɗe shi ne abin da ke sa a harare ka. Zafi sama yake taruwa, saboda haka sabon shiga ya zauna a bencin ƙasa. Ba a watsa ruwa sai an tambayi na ciki, kuma ludayi ɗaya ko biyu ya isa. Wanda ya watsa kuma ba ya tashi ya fice ya bar wa mutane tururin da ya tayar. Hira a hankali ba laifi, shiru ma ba gaba ba ne, haka mutanen suke.

Minti biyar zuwa goma ya wadatar a zagayen farko. Da ka ji jiri, ko zuciya na dukan uku-uku, ka fita, ka miƙe a hankali don kada jini ya sauka ƙafa ka faɗi. Ba gasa ake ba. An taɓa yin gasar juriya ta duniya a garin Heinola, aka daina bayan 2010, shekarar da wani ɗan Rasha ya mutu a zagayen ƙarshe cikin zafin digiri 110. Jiki kan zubar da gumi kusan rabin lita a zama ɗaya, don haka a sha ruwa kafin da bayan. Mai azumi ya bari sai ya sha ruwa.

Sai ramin ƙanƙarar da ake shiga bayan an fito daga sauna, wanda suke kira avanto. An huda ƙanƙarar tafki ko teku a gefen wani dandamali mai matakala, wani inji yana motsa ruwan don kada ya sake daskarewa. Sanyin ruwan daga digiri 0 zuwa 4 ne, kuma ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Amma abin da ke kashe sabon shiga ba daskarewa ba ne, minti na farko ne. Da fata ta taɓa ruwan, mutum yakan ja numfashi da ƙarfi ba da sonsa ba, ya shiga haki, jijiyoyin jini su tsuke, bugun zuciya da hawan jini su yi sama. Idan kai yana cikin ruwa a lokacin wannan jan numfashin, ruwa huhu zai sha. Shi ya sa ba a tsalle, ba a nutsa kai, ko da ka ga tsofaffin hannu suna yi.

Ga yadda ake yi. Bayan ka fito daga sauna, tsaya a waje minti ɗaya ko biyu jiki ya ɗan huce, kada ka ruga kai tsaye. Sa hular sanyi, takalmin roba mai kama ƙasa da safar hannu, domin yatsu ne ke fara ciwo, matakala tana da santsi, kuma jiƙaƙƙen hannu kan manne da ƙarfe mai sanyi. Juya baya ka sauka kamar mai saukowa daga tsani, hannu bai bar mariƙi ba. Kana sauka kana fitar da numfashi a hankali, dogo-dogo. Ka tsaya a kafaɗa, ko ma a ƙugu ranar farko. Daƙiƙa 10 zuwa 20, ka fito. Wanda bai iya ruwa ba, kuma da yawanmu ba mu iya ba, kada ya saki matakala ko kaɗan. Mutum ɗaya ke sauka a lokaci guda, na baya su jira, saboda haka kada ka tsaya a tsakiyar matakala kana shawara da zuciyarka mutane na rawar ɗari a bayanka. Ba a zuwa rami mutum shi kaɗai, kuma ba a taka ƙanƙarar gefen ramin, nan ta fi rauni.

Bayan fitowa akwai wani abu da ke ruɗa mutane: ka ji garau, bayan minti goma kuma makyarkyata ta kama ka. Dalili shi ne zafin cikin jiki yana ci gaba da sauka ko bayan an bar ruwan. Ka tsane jiki, ka sa kaya masu kauri ko ka koma sauna a bencin ƙasa, ka sha shayi mai ɗumi, kada ka tuƙa mota sai rawar jikin ta tsaya. Wanda maganarsa ta fara harɗewa ko ya rikice, a kira 112, lambar agajin gaggawa.

Mai ciwon zuciya, hawan jini, asma ko farfaɗiya, da mai juna biyu, su ga likita tukuna. Mai zazzaɓi ya haƙura. Akwai kuma wanda allunan gargaɗi na nan ba su cika ambata ba saboda ciwon ba shi da yawa a cikinsu, amma a gida ya yi mana yawa: mai sikila. Sanyi kwatsam da ƙarancin ruwa a jiki duk suna tayar da ciwon, kuma rami da sauna sun haɗa su biyun. Mai sikila kada ya shiga ramin, saunar ma sai da izinin likitansa.

Wanda ya iso a watan Agusta ko Satumba, lokacin da ɗalibai ke zuwa, ya fara shiga tafki tun ruwa bai yi sanyi sosai ba, sau ɗaya ko biyu a mako. Kafin Janairu jiki ya saba, hakin minti na farko ya ragu.

A gaida mutanen gida. Wassalam.

'Yan'uwanku mazauna Helsinki