Tsohon Allona da Farin da Ba Fari Ba

Hotunan da na kai bugawa sun dawo fuskokin mutane duk sun yi shuɗi-shuɗi, kamar waɗanda sanyi ya kama. Na ɗora wa mai bugawa laifi, har na faɗa masa magana mai zafi. Bai ja da ni ba. Ya buɗe fayil ɗin a nasa allon, sai ga shuɗin nan ƙuru-ƙuru tun kafin a kai ga takarda. Ashe ni na zuba shi da hannuna. Allon kwamfutata da na fi shekara goma ina aiki da shi ya rine zuwa rawaya sannu a hankali, ni kuma kullum ina ƙara wa hotuna shuɗi don in kashe rawayar da babu ita a cikinsu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ban taɓa lura ba. Ido yana sabawa: duk abin da ya fi haske a gabansa, shi yake ɗauka fari. Allon nawa kuwa irin na da ne, mai fitilun CCFL a baya, wato siraran kwalabe irin na fitilar fuloresan, kafin LED ta mamaye kasuwa. Sinadarin da ke cikin kwalaben yana gajiya, hasken ya ragu, shuɗi kuma ya riga sauran launuka yin rauni. Ga robobin da ke baza hasken su ma suna yin rawaya saboda zafi.

Da farko na ce zan gyara da ido. Na kafa farar takarda kusa da allon ina ta danna maɓallai. Aikin banza. Abin da na saita da rana, da dare sai ya zama wani abu dabam, domin hasken ɗakin ya canza. Daga nan na aro wata tsohuwar na'urar auna launi, ita kuma ta mayar mini da allon ja-ja. Daga baya na fahimci cewa matatun launin da ke cikin wasu tsofaffin na'urorin suna lalacewa da shekaru, musamman inda akwai laima. Tsoho na auna tsoho, wa zai gaya wa wani gaskiya?

Sai da na samu wata na'urar auna launi mai suna i1Display Pro, na haɗa ta da DisplayCAL, manhajar saita launin allo ta kyauta da ke aiki a kan wata manhajar mai suna ArgyllCMS, sannan aka fara maganar hankali. Na kunna allon ya yi minti 30 ya ɗumama, don CCFL ba ta tsayawa wuri ɗaya da zarar an kunna ta. Na goge fuskarsa, na mayar da saitinsa yadda ya fito daga masana'anta, na kashe abin nan na rage shuɗi da dare. Akwai kuma wurin da ake gaya wa manhajar irin fitilar da ke bayan allon. Kada a raina shi, domin idan ka zaɓi LED alhali CCFL gare ka, awon zai karkace tun daga tushe.

Abin da na nema shi ne wanda kowa ke nema: fari a 6500K (K ma'aunin launin fari ne: lambar na sauka, farin na komawa rawaya), wanda ake kira D65, gamma 2.2 (yadda haske ke hawa daga baƙi zuwa fari), haske kandela 120 (ma'aunin ƙarfin haske) a kowace murabba'in mita. Farin sRGB ke nan, ma'aunin da HP da Microsoft suka fitar a 1996, wanda yawancin hotunan intanet ke bi. Awon farko ya nuna farin allona ya gangaro kusa da 5300K.

A nan na sha wahala, kuma a nan na koyi abin da ya fi komai amfani. Shuɗin da ya tafi ba ya dawowa. Hanya ɗaya ta kai fari 6500K ita ce a rage ja da kore har su sauko daidai da raunin shuɗin, kuma duk ragin da ka yi, haske kake zubarwa. Na dage sai na kai. Na kai ɗin, amma da maɓallin haske a ƙarshensa, allon da ƙyar yake ba da abin da nake so. Da na bar wa katin hoto, wato sashen kwamfuta da ke tura hoto zuwa allo, sauran gyaran, sai wata matsalar ta ɓullo. Katin yana da matakai 256 ne kacal ga kowane launi, gyara mai tsanani kuma yana cinye wasu daga ciki. Na buɗe hoton sararin sama, maimakon ya sulale sumul, sai ga shi layi-layi kamar matakalar bene.

Na haƙura na sassauta. Na tsaya a wajen 6000K, na yi yawancin gyaran da maɓallan ja, kore da shuɗi na jikin allon, na sauke haske zuwa 100, na rage fitilar ɗakin. Tunda aikina na bugawa ne, ban yi asara ba, don masu ɗab'i ma a hasken D50, wato 5000K, suke duba takarda.

Sai a lokacin na rarrabe abubuwa biyu da nake cakuɗawa. Saiti yana canza halin allon. Furofayil kuwa ba ya canza komai, bayani ne kawai: na'urar ta auna ɗaruruwan launuka, ta rubuta a fayil ɗin ICC abin da allon ke iya nunawa da inda ya gaza. Photoshop da ire-irensa suna karanta wannan fayil su gyara abin da suke turawa. Manhajar da ba ta kula da shi kuwa ko a jikinta. Windows ma takan saki saitin bayan kwamfuta ta farka daga barci, shi ya sa na bar ɗan mai lodin furofayil na DisplayCAL yana gadi.

Rahoton gwaji ya nuna yawancin launuka ƙasa da Delta E 2 (ma'aunin tazarar da ke tsakanin launin da ake so da wanda allon ya nuna), bambancin da ido ba ya saurin kamawa. Shuɗi mai kauri ne kawai ya fita daga layi, kuma na san dalili. Abin da ya gagara shi ne gefen hagu, wanda ya fi tsakiya duhu da rawaya. Na'urar wuri ɗaya take aunawa, furofayil kuma ba ya gyara kusurwa ya bar wata. Yanzu duk hoton da zan yanke hukunci a kan launinsa, tsakiyar allo nake jawo shi, kuma ina duba lambobin launin fata maimakon in amince da idona kaɗai.

Ina maimaita awon duk wata, ina rubuta iyakar hasken da allon ya iya bayarwa. Ranar da ya kasa kai 100 a farin da na zaɓa, zan mayar da shi na karanta wasiƙu. Hotunan nan kuwa na sake gyara su na mayar wa mai bugawa, na kuma ba shi haƙuri.