Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Bakan Kawu

A makon jiya na tsaya a inda Kawu ya yarda in riƙa bin sa gona, saboda birai da suka addabi dawarmu. A lokacin hankalin sa'o'ina duk ya koma kan bindigar toka, suna cewa bakan itace zamaninsa ya wuce. Maganar ta tsaya mini a rai har na kai masa ita.

Sai ya sauko da bakansa daga jikin garu, ya ce, "Ɗana, ja a hankali, ka kasa kunne." Na ja, ban ji ko ƙas ba. Ya ce bakan da ya yi ƙara in an ja shi ya tsage daga ciki, wata rana a fuskar mai shi zai karye. Ya sa na duba ko sama da ƙasa suna tanƙwaruwa daidai, kuma in an saki itacen yana komawa yadda yake.

Ɗawainiyarsa kuwa ba ta ƙarewa. Tsarkiyar fata ce murɗaɗɗiya, da damina ta sha laima sai ta saki, kibiya ta faɗi kusa. Da hunturu itacen ke bushewa, sai an bi shi da man shanu. Kibiyoyin na kyauro ne, ba gashin tsuntsu a gindinsu, wadda ta karkace a gasa ta sama-sama a wuta a miƙar.

Abin da na gani da idona shi ne, daga taku ashirin zuwa talatin bakan nan ba ya ba da kunya. In an wuce haka iska ce ke da iko da kibiya. Shi ya sa maharba suka dogara da sanɗa da dafin tsiron kwankwani da ake shafa wa kibiya, wanda Kawu bai taɓa bari na kusanta ba. Yakan tuna mini cewa a yaƙin Tabkin Kwatto, a 1804, 'yan bakan Shehu Usman Ɗanfodiyo ne suka tare dawakin Gobir.

Ni dai har gobe ina kan ra'ayina: ga zomo da zabo da korar biri, bakan itace ya wadatar. Ba kuɗin albarushi, ba ƙarar da za ta watsa namun daji. Sai dai yana son hannu kullum, har yatsuna suka yi kanta.

Mako mai zuwa zan kawo yadda Kawu ya kai ni gaban Sarkin Baka.